Daga Makiyayar St Andrews Zuwa Augusta: Tarihin Filin Golf Mai Ba Ɗan Wasa Zaɓi

A watan Yunin 1921 wani saurayi ɗan Amurka mai shekara 19 ya tsaya a rami na 11 na tsohon filin golf na St Andrews, a gaɓar tekun gabashin Sikotland, ransa a ɓace. Zagaye na uku ne na gasar Open. Ya riga ya ƙona bugu 46 a ramuka tara na farko, ga shi kuma ƙwallonsa ta faɗa wani kwarin yashi mai zurfi, ya sara ya sara ta ƙi fita yadda yake so. Da abin ya ishe shi sai ya sunkuya ya ɗauke ƙwallon. A dokar wasan, wanda ya yi haka ya fitar da kansa daga gasa ke nan. Sunan saurayin Bobby Jones, kuma har ya tsufa yana kallon wannan rana a matsayin abin kunya mafi girma da ya yi a wasa. Ya bar garin yana ƙin filin, yana ganin wata tsohuwar makiyaya ce kawai da ba ta da tsari. Shekara goma bayan haka, da ya tashi gina nasa filin a Amurka, darasin wannan makiyaya ya ɗauka ya tafi da shi.

Kafin mu je can, bari mu daidaita da wanda bai saba da wasan ba. A golf ana buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ta shiga rami, ramukan 18 ne, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane rami akwai adadin bugun da aka yanka masa, uku ko huɗu ko biyar, shi ne ƙa'idarsa. Filin ƙwallon ƙafa duk inda ka je kusan faɗinsa ɗaya, ragarsa ɗaya. Filin golf kuwa babu biyu da suka yi kama. Ba wanda zai tare ka ko ya ƙwace maka ƙwallo, abokin karawarka na gaskiya shi ne ƙasar da kake tsaye a kai, da iskar da ke kaɗawa, da tunanin mutumin da ya zana filin, ko da ya shekara ɗari a kabari.

St Andrews dai ba a san wanda ya fara zana shi ba. Rairayi ne da teku ya janye ya bari tsakanin ruwa da gonaki, ƙasar da ba ta noma, sai kiwon tumaki da zomaye da shanyar tufafi. Masu tarihin wasan sun daɗe suna cewa kwarurrukan yashi na farko tumaki ne suka kafa su, suna raɓewa a bayan tudu don guje wa iskar teku har ciyawa ta mutu, iska kuma ta ƙarasa haƙa. Wasan ya kama jama'a tun da wuri, domin a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa saboda suna hana samari koyon harbin baka. A 1552 Babban Limamin Kirista John Hamilton ya tabbatar wa mutanen garin a rubuce cewa suna da haƙƙin wasa a wannan rairayi. A 1754 aka kafa ƙungiyar 'yan wasan da daga baya ta zama Royal and Ancient. A da ramuka 22 ake bugawa, sai a 1764 aka ga na farkon sun yi gajarta aka haɗe su, zagaye ya koma 18. Wannan gyara na cikin gida shi ne ya zama ma'aunin duniya. Har rikici aka yi da masu kiwon zomaye bayan da hukumar garin ta sayar da filin a 1797, aka yi ta shari'a, sai a 1821 wani attajiri mai son wasan, James Cheape, ya saye wurin ya raba gardama.

Abin da ya mayar da filin makaranta ya faru ne a ƙarni na 19, kuma cunkoso ne ya jawo shi. A da siririyar hanya ce guda, masu tafiya da masu dawowa suna amfani da ramuka iri ɗaya. Da 'yan wasa suka yi yawa aka shiga sare ƙayoyi ana faɗaɗawa, aka haƙa rami biyu a farfajiya guda, wato lallausan wurin da ramin ke ciki, ɗaya na masu fita ɗaya na masu komowa. Har yau akwai irin waɗannan manyan farfajiyoyi bakwai. Tom Morris Babba, wanda ya ci Open sau huɗu, ya kuma kula da filin kusan shekara arba'in daga tsakiyar shekarun 1860, shi ya ƙarasa yawancin aikin. Da fili ya yi faɗi, kwarurrukan yashin da a da suke gefe sai suka koma tsakiyar hanya, yanzu guda 112 ne, da yawansu ba a hango su daga mafari. Daga nan zaɓi ya shigo wasan. A yawancin ramukan, in ka buga hagu ka tsira, amma bugunka na biyu zai zo ta mummunar kusurwa. In ka matsa dama kusa da ƙaya da iyakar fili, ka sayi haɗari, amma ƙofar rami ta buɗe maka.

A dubi rami na 17, wanda ake kira Ramin Hanya. Daga mafari ba ka ganin inda ƙwallonka za ta sauka, dole ka buga ta saman kusurwar ginin otal, inda a da rumfunan jirgin ƙasa suke. Farfajiyar siririya ce, a karkace take, a gabanta ta hagu akwai wani ƙaramin kwari mai zurfi kamar rijiya, bangonsa a miƙe, a bayanta kuma kwalta ce da katangar dutse, duk cikin wasa suke. A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya hau farfajiyar da bugu biyu yana cikin masu neman kofi. Ya gangara ƙwallo, gangaren ya janye ta ya zuba a kwarin, sai da ya yi sara huɗu kafin ya fita, ya tashi da tara. Ba wanda ya tilasta masa bin wannan layi. Mai tsoro yana iya ajiye ƙwallo a gaban farfajiya ta dama ya karɓi biyar ya wuce, kuma sau da yawa shi ne mai wayo.

Gasar Open ta fara a 1860 a Prestwick da 'yan wasa takwas, Willie Park ya ci, ta iso St Andrews a 1873. Amurka ta kafa tata US Open a 1895, gasar PGA ta biyo a 1916. Amma da wasan ya ƙetare teku, sai wata fahimta dabam ta bayyana. A 1903 wani mai masana'antar ƙarfe na Pittsburgh, Henry Fownes, ya gina Oakmont bisa aƙidar cewa duk bugun da ya karkace a hukunta shi nan take. Hanya ƙunci kamar burtali tsakanin gonaki, yashi dama da hagu, har wani rake na musamman suka riƙa ja a cikin yashin yana barin kunya-kunya don ƙwallo ta nutse. Ba na raina Oakmont. Jarrabawa ce ta gaskiya, a 2025 ma mutum ɗaya tak, J.J. Spaun, ya gama ƙasa da ƙa'ida a can. Sai dai tambayarsa guda ce daga rami na farko har na ƙarshe, wato ko za ka iya miƙe bugu. St Andrews kuwa kafin ka ɗaga sanda sai ya sa ka yanke shawarar inda za ka da kuma abin da za ka iya biya.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan bambanci likita ne. An haifi Alister MacKenzie a 1870 a yankin Yorkshire na Ingila, iyayensa 'yan Sikotland. Ya yi aikin likitan soja a yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, inda ya ga yadda mayaƙan Boer ke haƙa ramukan fakewa su saje da ƙasa har sojan Birtaniya ya zo daf bai gani ba. Abin ya zauna masa a rai. A Yaƙin Duniya na Farko aikin ɓad da kama ya koma yi wa soja, kuma wannan ido ne ya kawo wa golf: tudun da mutum ya tara ya zama kamar Allah ne ya ajiye shi a wurin, nisa kuma ya ruɗi ido. Ya fara da filin Alwoodley kusa da Leeds a 1907, ya fitar da littafinsa kan zanen fili a 1920, sannan ya auna tsohon filin St Andrews tudu da kwari ya zana taswirarsa a 1924. Ra'ayinsa shi ne fili nagari ya gamsar da gwani ya kuma bar wa ɗan koyo hanyar wucewa, kada a ɓata wa mutane rana suna neman ƙwallo a cikin doguwar ciyawa. A 1926 ya je Ostireliya ya tsara Royal Melbourne, a 1928 aka buɗe Cypress Point a gaɓar Kalifoniya.

Shi kuwa Jones ya koma St Andrews a 1927 da wani hankali dabam. Ya zauna ya karanci filin, ya ci Open da bugu 285, mutanen gari suka ɗauke shi a kafaɗa, shi kuma ya roƙi a bar kofin a St Andrews maimakon ya tafi da shi. Lauya ne daga Atlanta, bai taɓa buga wasa don kuɗin gasa ba. A 1929 aka yi abin mamaki, wani matashi Johnny Goodman ya fitar da shi a zagayen farko na gasar 'yan sha'awa ta Amurka a Pebble Beach. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Da ya samu kwanakin da babu gasa a gabansa, ya buga Cypress Point da ke maƙwabtaka, ya ga aikin MacKenzie da idonsa, ya gane ya samu wanda suke karatu a allo ɗaya. A 1930 ya cinye manyan gasanni huɗu na zamanin a shekara guda, na farkonsu a St Andrews, sannan ya ajiye gasa yana da shekara 28.

A 1931 shi da wani ɗan kasuwar hannun jari na New York, Clifford Roberts, suka sayi tsohuwar gonar renon itatuwa da furanni ta iyalan Berckmans a garin Augusta na jihar Jojiya, eka 365 a kan dala 70,000. MacKenzie ya zana, Jones yana bin sa yana buga ƙwallaye a cikin share don a auna inda bugun gwani zai sauka. Abin da suka fitar ya saɓa wa yayin lokacin: hanyoyi masu faɗi, babu doguwar ciyawa, kwarurrukan yashi ba su kai talatin ba, duk wahalar an zuba ta a gangaren farfajiya da kusurwar da za ka tunkare ta. St Andrews ne aka kai cikin dajin itatuwan pine na kudancin Amurka. Lokacin kuwa tattalin arzikin duniya ya karye, kulob ɗin da ya yi fatan mambobi sama da dubu bai samu ko ɗari ba. MacKenzie ya yi ta rubuta wasiƙu yana neman haƙƙinsa, ba a biya shi cikakke ba har ya rasu a Janairun 1934, wata biyu kafin gasar farko da aka yi a filin, wadda Horton Smith ya ci. Duk lokacin da na ga kyan wurin a talabijin sai wannan ya faɗo mini, domin gumin mutum ba ƙaramin abu ba ne.

A 1935 Gene Sarazen ya jefa ƙwallo rami na 15 da bugu biyu daga nisan yadi 235, a ramin da ƙa'idarsa biyar ce, ya kamo Craig Wood ya kuma doke shi washegari. Labarin ya zaga duniya, gasar ta samu suna, a 1939 aka raɗa mata Masters a hukumance. A cikin manyan gasanni huɗu na yau, wato Open da US Open da PGA da Masters, ita kaɗai ce ba ta sauya fili, shi ya sa mai kallo ya san ramukanta kamar lungunan unguwarsu.

Biyu daga ciki sun isa misali. Rami na 12 yadi 155 ne kacal, mafi gajarta a filin. Rafin Rae yana gabansa, farfajiyar ba ta da zurfi kuma ta karkata, ɓangaren dama ya fi nisa, iska tana juyawa a tsakanin itatuwa ta yaudari kowa. Ranar Lahadi, ranar ƙarshe ta gasa, ana kafa tutar rami a dama, inda kuskuren yadi biyu ke nufin ruwa. A 2016 Jordan Spieth yana kan gaba ya jefa biyu a ruwa, ya tashi da bakwai, Danny Willett ya ɗauki kofi. A 2019 huɗu daga cikin na gaba-gaba, Molinari da Koepka da Poulter da Finau, duk suka faɗa rafin. Tiger Woods ya kau da kai daga tutar, ya buga tsakiyar farfajiya ta saman yashi, ya karɓi uku, daga nan ya kama hanyar babban kofinsa na 15.

Na 13 kuwa a ganina babu kamarsa a duniya. Hanyar ta lanƙwasa hagu, wani ƙaramin rafi yana bin gefenta na hagu sannan ya gitta gaban farfajiya. Wanda ya yi ƙarfin hali ya manne wa rafin zai samu ƙasa shimfiɗaɗɗiya da gajeriyar tazara. Wanda ya gudu dama ya tsira daga ruwa, amma zai tsaya a gangare, ƙwallo ta fi ƙafafunsa tudu, ga nisa, ga rafi yana jira a gaba. Sai ya yanke: ya tsallaka da bugu na biyu, ko ya ajiye a gaban ruwa. A 2010 Phil Mickelson ya buga ta tsakanin itatuwa biyu daga kan busassun ganye ya tsallake. A 2025 Rory McIlroy ya zaɓi hanyar lafiya, ya ajiye, sannan ya zuba ɗan gajeren bugu na uku a cikin rafin ya tashi da bakwai. Sai da aka je bugun raba gardama da Justin Rose kafin ya ci, ya zama na shida da ya haɗa manyan kofuna huɗu, bayan Sarazen da Hogan da Player da Nicklaus da Woods.

Tarihin Augusta yana da tabon da bai kamata a tsallake ba. Shekara da shekaru baƙar fata yana shiga wurin ne a matsayin mai ɗaukar jakar sanduna ko ma'aikaci, kuma waɗannan masu jaka su suka fi kowa sanin gangaren filin. Sai a 1975 Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters, kulob ɗin bai karɓi baƙar fata mamba ba sai 1990, mata kuma sai 2012. Shi ya sa nasarar Woods ta 1997, shi ma baƙar fata, yana ɗan shekara 21, ta wuce maganar wasa. Ya gama da bugu 270, ya ba na biyu ratar 12.

Wannan nasara da abin da ya biyo bayanta sun tona wata matsala. Sandunan zamani masu manyan kawuna da sabuwar ƙwallo mai tauri da ta bazu daga shekarar 2000 sun sa gwanaye suna wuce tarkunan da aka haƙa don kakanninsu. Augusta ya amsa da tsawo. A 1997 yadi 6,925 ne, a 2006 ya kai 7,445, a 2024 ya kai 7,555. An dasa itatuwa, an bar ciyawar gefe ta ɗan tashi tun 1999, hanyoyin da MacKenzie ya buɗe suka tsuke. Don a ceci rami na 13 kaɗai sai da aka sayi fili daga kulob na maƙwabta, aka ja mafari baya, ramin ya tashi daga yadi 510 zuwa 545 a 2023. Wannan gyara na ƙarshe na yarda da shi, domin ya dawo da shakka a zuciyar mai bugu na biyu. Itatuwan da aka cusa a wasu ramukan kuwa sun rage zaɓi, sun ja filin zuwa aƙidar Oakmont, abin da Jones da MacKenzie suka guje wa.

Augusta yana da kuɗin sayen ƙasa. St Andrews ba shi da inda za shi, teku na gefe, gari na gefe. Tun 2010 mafarin Ramin Hanya na gasar Open a wajen asalin filin yake. A 2000 Woods ya yi kwana huɗu bai shiga kwarin yashi ko ɗaya ba, wannan gwaninta ce da lissafi. Amma a 2022, a gasar Open ta 150, iska ta kwanta, Cameron Smith ya gama da bugu 20 ƙasa da ƙa'ida, kuma ramuka da dama masu ƙa'idar huɗu ana kai wa farfajiyarsu da bugu ɗaya. Tsohon filin yana rayuwa ne da iska da taurin ƙasa, in babu su ba shi da sauran makami.

Akwai kuma wata illa da talabijin ta jawo, ta sa mutane suna zaton fili nagari dole ya zama kore shar kamar Augusta a watan Afrilu, alhali ruwa da kuɗin da ake zubawa a can ba kowa ke da su ba. A 2006 filin Hoylake ya bushe ya yi launin ƙasa, Woods ya ci Open a kansa, sau ɗaya tak ya zaro babbar sandarsa a kwana huɗu, kuma wasan ya yi daɗin kallo. Mu nan ma, a filayen da aka gada tun zamanin Turawa a Kano da Kaduna da Jos, an daɗe ana gangara ƙwallo a kan yashin da aka cakuɗa da mai a maimakon ciyawa. Filin da ya dace da ƙasarsa da ruwan samansa ya fi kusa da asalin wasan fiye da wanda aka yi wa ado da bashi.

Jones ya koma St Andrews a 1958, ciwon laka ya riga ya hana shi tafiya sai da taimako. Garin ya ba shi 'yancin ɗan gari, Ba'amurke na biyu da ya samu bayan Benjamin Franklin. Ya rasu a 1971, rami na 10 yana ɗauke da sunansa, daf da wurin da ya ɗauke ƙwallonsa cikin fushi. Har yau filin na jama'a ne, kowa na iya neman shiga, kuma ranar Lahadi ana rufe wasa mutanen gari su fito shan iska a kansa.

A Disambar 2023 hukumomi biyu masu riƙe da dokar wasan, R&A da USGA, sun sanar da sabon gwajin da zai rage nisan da ƙwallo ke tafiya. Wasu 'yan wasa da kamfanonin kayan wasa sun yi ƙorafi. Ni ina tare da hukumomin, har ma ina ganin sun makara kuma ragin ya yi kaɗan. Sauya ƙwallo ya fi sauƙi da arha a kan sayen gonakin mutane ana ja da mafari baya duk bayan 'yan shekaru. A rage wa ƙwallo gudu, a bar St Andrews da rami na 13 na Augusta yadda masu su suka bar su.